Tsiren La'asar

Taƙaitaccen bayanin al'amarin, domin wanda ba shi da lokacin karanta sauran, shi ne kamar haka. A unguwar Makama da ke cikin garin Yola, wani dattijo mai suna Malam Hammanjoda, wanda kowa ke kira Bappa, ya ƙi ba da 'yar ƙaninsa Zulaihatu ga saurayin da take so. Ba a sami saurayin da laifin sata ba, ko shaye-shaye, ko rashin asali. Laifinsa guda ɗaya ne, kuma bai musa ba: shi ne ya yi sanadin da aka cire gishiri daga miyar Bappa. An yi kwana ashirin da uku ana wannan shari'a a cikin zaure, babu alƙali, babu magatakarda. Ga yadda ta kasance.

Sunan saurayin Bobboyi. Ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti a Jimeta, yana zaune a Bekaji. Zulaihatu kuwa malamar firamare ce, shekarunta ashirin da shida. Tana 'yar shekara huɗu iyayenta suka rasu, Bappa ya ɗauko ta, shi da ƙanwarsa Goggo Dudu suka rene ta. Saboda haka aurenta a hannunsa yake, kuma ba ta taɓa tunanin neman wani hannun ba.

Ranar da Bobboyi ya zo gaisuwa tare da kawunsa, ya yi duk abin da ake so. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. To, wanda ya sunkuyar da kai ƙasa yake kallo, kuma abin da ke ƙasa a ranar ƙafafun Bappa ne. Sun kumbura, har wurin da igiyar takalmi ta bi ya lotsa.

Da ya yi shiru, da yanzu an daɗe da shan biki. Bai yi ba.

"Bappa, a gafarce ni," ya ce. "Tun yaushe ƙafafun nan suke haka? In ka yi 'yar tafiya kana haki? In za ka kwanta, sai ka tara matasai kafin numfashi ya daidaita?"

Kawunsa ya zungure shi da gwiwar hannu. Bappa ya ja riga ya rufe ƙafafunsa. Amma Goggo Dudu tana bayan labule, ta ji, kuma ta san amsar tambayoyin nan uku duka e ce. Washegari aka sa Bappa a keke mai ƙafa uku aka kai shi asibiti.

Likita ya auna, ya saurara, ya ce hawan jini ne da ya daɗe har ya fara gajiyar da zuciya. Ya rubuta magani. Sannan ya rubuta takarda ta biyu, wadda ta fi maganin ɗaci. A rage gishiri har a kusa mantawa da shi. Ban da dunƙulen magi, ban da man shanu, ban da kitse da kayan ciki, ban da tsire da kilishi. A ci zogale, da kuɓewa, da wake, da kifin Binuwai, amma ba soyayye ba. A riƙa ɗan tattaki. A kuma guji ɓata masa rai.

Zulaihatu ta manna takardar a bangon madafa, ta bi ta layi-layi kamar umarnin gwamnati.

Ranar farko Bappa ya kai loma ɗaya ya janye hannu.

"Wannan fa?"

"Miyar zogale ce, Bappa."

"Zogale na gani. Ina miyar?"



"Shekara saba'in da huɗu ina cin man shanu," ya ce. "Ubana ya ci. Kakana ya ci, ya yi shekara casa'in yana bin garke. Yau yaro ya zo neman aure ya ɓuge da binciken ƙafar mutane! In na ba shi ke, numfashina ma sai ya riƙa ƙirgawa."

Ya aika wa kawun Bobboyi cewa za a ji amsa a ƙarshen wata mai zuwa. Duk wanda ya san Bappa ya riga ya ji amsar.

Domin akwai wani manemin. Alhaji Gidado, dillalin shanu da ke Demsawo, matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Adalci ya wajabta a rubuta cewa ba mugu ba ne. Mutum ne mai kyauta da yawan dariya, wanda ya yi imani cewa nama bai taɓa kashe Bafulatani ba. Wata biyar ke nan yana zuwa zauren Bappa suna cin abinci a faranti ɗaya. Da ya ji labarin takardar likita, tausayi ya kama shi ƙwarai. A lokacin zai tafi Mubi sayen shanu, daga can ya wuce kudu da su, sai ya bar wa direbansa umarni: kowace la'asar a kai wa Bappa ƙunshin tsire mai zafi, a miƙa masa hannu da hannu, kada mutanen cikin gida su gani.

*

Ranar Laraba, da aka tashi makaranta, Zulaihatu ta tarar da Bobboyi yana jiran ta a inuwar dogonyaron bakin ƙofa. Ba ta bari sun gama gaisawa ba.

"Hamma Bobboyi, ka haƙura da ni," ta ce. Hamma shi ne yaya da Fulatanci.

"Me na yi kuma?"

"Ba abin da ka yi." Ta kama bakin mayafinta tana murzawa. "Likita ya ce kada a ɓata masa rai. Duk ranar da aka ambaci sunanka, jijiyar wuyansa tashi take yi, ina kallo. In na ce sai kai, ya faɗi a gabana, wa ya kashe shi? Mutumin da ya goya ni a bayansa lokacin da na yi ƙyanda, ya kai ni asibiti a ƙasa. Da wane ido zan dubi Goggo?"

"To Alhaji za ki aura?"

"Ban sani ba."

Hawayen da take riƙewa tun safe suka zubo. Ya sa hannu a aljihu ya fito da hankici, ya tuna suna bakin titi, ya tsaya riƙe da shi kamar wanda aka ba ajiya.

"Shekaranjiya ina shara," ta ce, "na ɗaga tabarmar zaure na sami tsinken tsire goma sha ɗaya. Goma sha ɗaya, Hamma! Ni ina can ina auna gishiri da bakin cokali, ina dafa masa abin da ni kaina ba na iya ci, ashe shi yana nan yana shagalinsa."

"Kin yi masa magana?"

"Ni? In ce wa Bappa na kama shi? Gara ƙasa ta tsage in shige."



"Zulaihatu, yajin tsire cike yake da gishiri da magi. In haka ta ci gaba, magani zai riƙa ja gaba, tsire yana ja baya. Kina so ki bar ni domin ya rayu. To wanda za ki aura shi ne mai aiko masa. Yau a ɓoye ake kawowa. In ya zama mijinki, da sallama za a shigo da shi."

"To in yi yaya?" ta ce. "Duk inda na juya, Bappa nake gani a kwance. In na bi ka, ɓacin rai. In na bi Alhaji, nama. Wallahi na gaji, Hamma. Da ka yi shiru ranar nan!"

"Da na yi shiru, da kin yi aure, ki yi zaman makoki a shekara ɗaya. Ban yi nadama ba. Amma na yi magana a gaban mutane, wannan kam kuskure ne. Gobe zan je in ba shi haƙuri."

"Ba zai saurare ka ba."

"Ba sai ya saurara ba. Zan dai je."

Ta karɓi hankicin, ta share fuska, ta ce in ya kore shi kada ya yi musu. Ya ce ya yi alkawari. Za a ga yadda alkawarin nan ya ƙare.

*

A nan ya kamata a bayyana dalilin da ya sa aka zaɓi la'asar. Mai tsire ba ya hura wuta sai bayan azahar. Da an kira magariba kuma Zulaihatu takan fito ta share zaure, ta kawo abinci, ta zauna kusa har Bappa ya gama. Tsakanin la'asar da magariba kaɗai take can cikin madafa. Duk shagalin Bappa a cikin sa'o'in nan biyu yake.

Ranar Alhamis direba ya miƙa ƙunshi ya tafi. Bappa ya kwance takarda, ya zaɓi tsinke mai kitse, ya ɗaga. Sai ya ji sallama.

Cikin sauri irin wanda ba a san shi da shi ba, ya naɗe takardar ya tura bayan matashi.

"A nyalli jam, Bappa?" in ji Bobboyi, yana durƙushe, yana yi masa barka da wuni da Fulatanci.

"Jam."

Bobboyi ya ba da haƙuri, dalla-dalla, kansa a ƙasa. Bappa ya ce, "Na ji." A wurin mai hankali, wannan sallama ce. Amma ba a ce masa ya tafi ba, kuma Bappa ba mutumin da zai kori wanda ya zo gaishe shi ba ne. Bobboyi ya gyara zama.

Ƙanshin yaji da ƙuli ya cika zauren. Kyanwar maƙwabta ta shigo ta zauna tana duban matashin da natsuwa. Maiƙo ya huda takarda ya fara zana taswira a jikin matashin. Ba wanda ya ambaci komai daga cikin abubuwan nan.

Da ladan ya kira magariba, Bappa ya tuna tsintsiyar Zulaihatu tana tafe. Ya jawo ƙunshin ya tura gaban Bobboyi ba tare da ya dube shi ba.

"Ungo. A gidan nan ba a sallamar baƙo hannu rabbana."

Goggo Dudu ta ga duk wannan ta 'yar tagar da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Ta sa Zulaihatu ta kira mata shi a waya.

"Bobboyi, gobe ka dawo. Kafin ƙarfe huɗu da rabi."

"Goggo, ko kallona bai yi ba fa."

"Ya ci?"

"Bai ci ba."

"To ka dawo."

Ba ta yi bayani ba. Goggo Dudu ba ta yin bayani kafin lokacinsa.

*

Bobboyi ya nemi a mai da shi aikin safe, aka mai da shi. Daga ranar, kowace la'asar direba yakan tarar da shi a zaune. Ɓoyo ya ƙare. Bappa yakan karɓi ƙunshin ya ajiye a tsakaninsu, ya kwance, ya ce, "Bismillah."

"Alhamdu lillahi, Bappa, a ƙoshe nake."

Kowa ya san dalilin Bobboyi: saurayi ba ya cin abinci a gaban uban yarinyar da yake nema. Dalilin Bappa ne ba wanda ya tambaya. Haka za su zauna, mutum biyu da tsire a tsakani, har kitse ya daskare ya yi fari. Da magariba a naɗe a ba baƙo.

Baƙo kuwa yakan miƙa wa Silas, mai keken da ke kawo shi daga Bekaji, magidanci mai 'ya'ya huɗu.

"Oga, wannan baba yana son ka fa," in ji Silas a rana ta biyar. "Kullum nama!"

"Ba ya so na, Silas."

"To Allah ya sa ya ci gaba da ƙin ka."

Bappa bai zauna haka nan ba. Ya gwada kunna rediyo da ƙarfi, Bobboyi ya saurari labarai. Ya gwada barcin ƙarya, Bobboyi ya ɗauki mafici yana kore masa ƙuda. A rana ta tara ya miƙe tun kafin kiran salla ya ce shi yau a masallacin can gangare zai yi magariba, yana zaton nisa zai raba su. Bobboyi ya ɗauki buta ya bi shi a baya. Washegari ma haka, domin Bappa ba ya son a ce ya fasa abin da ya fara. Ta wannan hanya maganar tattaki da ke cikin takardar likita ta fara aiki ba tare da an sanar da majiyyaci ba.

A rana ta goma sha biyu Bappa ya yi magana, yana duban bango.

"Kakanka na wajen uba, ba shi ne mai jajayen shanun nan na Girei ba?"

"Shi ne, Bappa."

"Mutum ne shi. Bai taɓa duba ƙafar kowa ba."

Daga nan aka yi hirar shanu har magariba. A rana ta goma sha biyar, har yanzu yana duban bangon, ya tambaya ko kifin da ke cikin takardar nan, gasasshe ma ya halatta. Bobboyi ya ce ya halatta, a sa masa citta da tafarnuwa da masoro, a matsa lemun tsami. Maganar ta isa madafa kafin su dawo daga masallaci. Bappa ya cinye kifin har kai, a ɗakinsa, shi kaɗai. Da Zulaihatu ta zo ɗaukar kwano ya shaida mata cewa bai yi daɗi ba, kuma gobe a ƙara girmansa.

A rana ta ashirin aka koma asibiti. Sista Hilda, nas ɗin da ke yi masa awo, ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, jini ya sauka fa! Da ɗari da tamanin ne, yau ɗari da arba'in da biyu. Ƙafa ma ya koma. Me ka yi?"

"Yunwa," in ji Bappa.

"To ka riƙe wannan yunwa da kyau. Magani ma kar ka bari ko rana ɗaya."

Da suka dawo gida, Zulaihatu ta leƙa ta gan shi ya fito da takalminsa na fata wanda ya yi shekara bai shiga ba. Ya sa, ya taka zuwa ƙofa, ya dawo, ya cire ya mayar ƙarƙashin gado. Ta koma madafa ta yi kuka kaɗan, irin wanda ba ya ciwo. Amma maganar aure tana inda take. Ko a ranar sai da ya ce wa Goggo amsarsa ba ta canza ba.

*

Rana ta ashirin da uku ita ce jajibirin ranar amsa. A ranar Alhaji Gidado ya dawo daga tafiya, kuma bai aiko direba ba. Da kansa ya shigo, riƙe da babban faranti: balangun cinyar rago, yana tururi, albasa a sama, kitse yana ƙyalli.

"Bappa! An ce min ka rame, na ce wallahi ba a gabana ba!" Ya ajiye farantin, ya hango Bobboyi. "A'a, malamin asibiti ma yana nan. Sannu da aiki, likita."

"Sannu da dawowa, Alhaji."

Alhaji ya wanke hannu, ya miƙa wa Bappa ruwa. Bappa ya wanke. Kwana ashirin da biyu rabonsa da jan nama. Ya matso, ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Ya juya.

"Yaro," ya ce, "yau ka tafi. Na sallame ka."

A bayan labule Zulaihatu ta damƙe hannun Goggo. Lissafin a fili yake. In Bobboyi ya tashi, Bappa zai ci cinyar nan har ƙashi, gobe kuma tsire ya dawo. In ya ƙi tashi, ya saɓa wa waliyyi a zaurensa, a gaban abokin takara, saura kwana ɗaya a ba da amsa. Ga kuma alkawarin da ya yi mata a gindin dogonyaro.

"Tashi, Hamma," ta faɗa a hankali, yadda Goggo kaɗai ta ji. Sai kuma ta ce, "Kar ka tashi."

Bobboyi bai motsa ba.

"Ba ka ji ba ne?" in ji Bappa.

"Na ji, Bappa." Kansa yana ƙasa. "Gobe za ka ba da amsa. In ka hana ni Zulaihatu, zan yi kuka in tafi, ba zan ƙara tako ƙofar nan ba. Hakkinka ne. Amma yau ba zan tashi ba sai naman nan ya huce. Ta rasa uba sau ɗaya. Ya isa."

"Ku ji min yaro! A zaurena!"

Alhaji ya yi dariya. "Ƙyale shi, Bappa. Ya zauna ya yi kallo, ai kallo ba ya rage nama." Ya zaɓi yanka mafi laushi ya tura gabansa. "Ci abinka."

Bappa ya sake miƙa hannu. Yatsunsa suka kai har kan naman. Ya dubi bango, ya dubi rufi, ya dubi ko'ina ban da inda Bobboyi yake. Sannan a hankali ya janye hannun, ya goge a hankici, ya ɗora a gwiwa.

Alhaji ya daina tauna. Ya dubi hannun, ya dubi saurayin da ke durƙushe. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Bappa," ya ce, "wata biyar muna ci a faranti ɗaya, ni da kai. Har ɓargo ka tsotsa a gabana. Ba ka taɓa jin kunyata ba."

"Kai ai na gida ne."

"Na gida ne, amma ba suruki ba. Ni da kai mun san yadda aka rene mu. Dattijo ba ya tauna a gaban mijin 'yarsa, ko ruwa ba ya kurɓa. Wannan kwana nawa yana zama a nan?"

"Ashirin da uku," in ji murya daga bayan labule. "Ko goro bai fasa a gabansa ba."

"Dudu! Wa ya sa bakinki?"

"Ni dai ƙirga na yi, Hamma."

Alhaji ya juya ga Bobboyi. "To tsiren da nake aikowa kullum, wa ke ci?"

"Silas, Alhaji. Mai keke."

Alhaji Gidado ya yi dariya har sai da ya cire hula ya share ido da ita. "Ashe duk kwanakin nan gidan mai keke nake neman aure!" Da ta lafa, ya dubi Bobboyi sosai. "Faɗa min tsakaninka da Allah. Naman nan yana cutar da shi?"

"Tsakani da Allah, Alhaji. Gishirin da kitsen. Zuciyarsa ba ta iya ɗauka yanzu."

"Ni na ɗauka tsoratarwar mutanen asibiti ce." Ya jawo murfi ya rufe farantin, ya miƙe. "Bappa, bakinka ya ce ni, hannunka ya ce shi. Ni dillali ne, a kasuwa hannu nake kallo. Allah ya sa albarka. Wannan kuma zan miƙa a masallaci."

Ya fita da cinyar. Idon Bappa ya raka ta har ƙofa.

*

Zulaihatu ta shigo ta durƙusa, hawaye na zuba. Bobboyi ya fice waje, domin nama ya tafi, aikinsa ya ƙare.

"Ke kuma kukan me?" in ji Bappa. "Ni aka ɗauke wa rago."

"Bappa, ka yafe masa. In ranka ya ɓaci, ni na haƙura. Wallahi na haƙura."

"Wa ya ce ki haƙura?" Ya dubi ƙafafunsa. "Yaron nan ba shi da ta ido. Ba ya jin magana. Kakansa ma, yanzu da na tuna, haka yake." Ya yi gyaran murya. "Tun yaushe kika san da tsiren?"

"Tun ranar tsinke goma sha ɗaya."

"Ba ki faɗa ba."

"Kunya, Bappa."

"Shi bai ji ta ba, shi ya sa nake sa takalmi." Ya kau da kai. "Tashi ki duba kifin nan kada ya ƙone."

Washegari kawun Bobboyi ya zo jin amsa, ya shirya wa baƙin ciki. Bappa ya ce ya bayar, bisa sharaɗi ɗaya: ranar Babbar Salla, daga la'asar zuwa magariba, kada ya ga ƙeyar surukinsa a duk faɗin Makama. An kai sharaɗin gaban likita. Likita ya amince da yanka uku ƙanana na naman layya, babu kitse, babu yaji. Aka naɗa Goggo Dudu mai ƙirga.

Abin da al'amarin ya ci, gwargwadon abin da aka iya tantancewa, shi ne wannan. Tsire ƙunshi ashirin da biyu, duk sun tafi gidan Silas, wanda daga baya ya kai wandunansa biyu wurin tela a buɗa. Cinyar rago ɗaya, ta tafi masallaci. Matashi ɗaya, maiƙo bai fita ba. Tafiyar keke tsakanin Bekaji da Makama, zuwa da dawowa, arba'in da shida. Alkawari ɗaya da aka saɓa a kan sani. Hawaye ba a auna ba. Alhaji Gidado ya rasa mata, kuma yanzu ɗanyen kifi yake aikowa duk Juma'a, ta ƙofar gida, da sallama. Gishiri ba a mayar ba. Ranar ɗaurin aure Bappa ya je masallaci a ƙasa, da takalminsa na fata, ya wuni da yunwa domin ango ya ƙi matsawa daga kusa da shi. Yana nan da ransa, kuma har yau yana cewa miyar ba ta da daɗi.